Hoton jirgin yaƙi daga tagar tankar sama: Kyakkyawa ne, amma rabin labari ne

Duk mai yawon shafukan sada zumunta a wayarsa ya taɓa cin karo da irin wannan hoto. Jirgin yaƙi mai launin toka ya matso daf da kyamara, gajimare ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa kamar audugar da aka baza, matuƙin ya ɗago kai cikin hular kwano yana duban mai ɗaukar hoton. Wani dogon bututu ya sauko daga sama ya shige bayan jirgin. Mai yake sha a sararin samaniya, ba tare da ya sauka ba.

Sojoji ne ke ɗaukar akasarin waɗannan hotuna. Amma akwai kaso mai tsoka da ke fitowa daga hannun fararen hula: 'yan jarida, marubutan mujallun jiragen sama, da mayun jirage, wato mutanen da son jirgi ya shiga jininsu kamar yadda ƙwallo ke shiga jinin wasu. Rundunonin sojin sama na Amurka da Turai kan gayyace su lokaci-lokaci su hau jirgin dakon mai, wanda ake iya kira tankar sama, su kalli aikin da idonsu, su ɗauki hoto.

Gayyatar abu ne mai kyau, kuma bai kamata a rufe ƙofarta ba. Sai dai hoton da ke fitowa daga wannan taga tsakiyar tafiya kawai yake nunawa. Babu inda jirgin ya dosa a cikinsa, babu wanda ya biya kuɗin man. Duk wanda ya karɓi kujerar, to akwai bashin cikon labarin a wuyansa.

Yadda abin yake a cikin tankar

Hanyoyi biyu ake bi wajen ba jirgi mai a sama, kuma kowacce da irin hoton da take bayarwa.

Ta farko ita ce ta sandar bututu, wadda rundunar sojin saman Amurka ta dogara da ita. A jirgin KC-135, mai sarrafa bututun yakan kwanta rub-da-ciki a wani ɗan lungu da ke wutsiyar jirgin, haɓarsa a kan matashi, yana leƙe ta taga. Da hannunsa yake tuƙa bututun har ya zura shi a ramin da ke jikin jirgin yaƙin. Akwai wurin kwanciya a hagunsa da damansa, kuma nan baƙi ke kwanciya su ɗauki hoto. Tazarar da ke tsakanin jiragen biyu ba ta kai mita 15 ba, alhali suna gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Jirage irin su F-15 da F-16 ta wannan hanya suke sha, kuma bututun na iya zuba wa manyan jirage fiye da lita 3,000 a minti ɗaya.

Ta biyu ita ce ta tiyo da kwando. Tankar kan saki tiyo daga ƙarƙashin fukafukanta, da wani abu mai kamar kwando a bakinsa, sai matuƙin jirgin yaƙin ya saita tsinken da ke gaban jirginsa ya cusa a ciki. Typhoon na Birtaniya da Rafale na Faransa haka suke yi. A tankar Voyager ta Birtaniya, wadda asalinta jirgin fasinja ne samfurin Airbus A330, mai hoto na zaune ne a kujerar fasinja yana ɗauka ta tagar gefe.

Aikin ba shi da sauƙin da ake zato. Gilashin tagar mai kauri ne, sau da yawa da ƙarce ko tabon mai a jikinsa. Masu hoto kan sa baƙaƙen kaya don kada inuwarsu ta fito a gilashin. An hana kunna walƙiyar kyamara domin tana iya kashe wa matuƙi ido. Lungun wutsiya akwai sanyi da ƙara, ga shi ana shiga ne bi da bi. Jiragen yaƙin kan jeru a fiffiken hagu, kowa ya sha nasa cikin 'yan mintuna, ya koma fiffiken dama, sannan su kama gabansu. Mutum na iya shafe awa huɗu a sama don mintuna goma na ɗaukar hoto.

Su wane ne mayun jirage?

A Birtaniya da Holan da Jamus da Japan, wannan sha'awa ta daɗe da zama al'ada. Za a ga dattawa da matasa sun yi dafifi a bakin shingen sansanin Lakenheath ko Mildenhall a gabashin Ingila, da tsani da kyamara da ɗan littafi, suna rubuta lambar kowane jirgi da ya tashi ko ya sauka. Wasu kan hau duwatsun yankin Wales, wurin da ake kira Mach Loop, su jira jiragen da ke atisayen ratsa kwazazzabai, har su ɗauki jirgi daga samansa. Duk watan Yuli kuma dubun dubatar mutane kan hallara a Fairford don bikin baje kolin jiragen soji.

Ga irin waɗannan mutane, kujera a tankar sama ita ce ƙololuwa. A ƙasa sai dai a hango jirgi daga nesa. A tanka kuwa jirgin ne ke zuwa da kansa ya tsaya a gaban kyamara. Atisayen shan mai na ƙasashen Turai, wanda aka fara a Eindhoven ta ƙasar Holan a 2014, na daga cikin wuraren da ake buɗe wa masu hoto wannan dama. A Amurka ma rundunonin dakon mai kan shirya tafiye-tafiye na musamman don 'yan jarida da shugabannin al'umma.

Ba ko'ina ake fahimtar wannan sha'awa ba. A watan Nuwamban 2001, hukumomin Girka sun kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan biyu a sansanin sojin sama na Kalamata bisa zargin leƙen asiri, saboda rubuce-rubucen lambobin jirage da aka samu a wurinsu. Sun shafe fiye da wata guda a tsare, kotu ta same su da laifi a 2002, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Nuwamban shekarar. Abin da wata ƙasa ke gayyatar mutum ya yi, a wata ƙasar gidan yari yake kai shi.

Tankar ce ainihin labarin

Abin mamaki a hotunan nan shi ne, jirgin da ya fi muhimmanci ba ya fitowa a ciki, domin a cikinsa mai hoton yake kwance.

Jirgin yaƙi akwai gudu, amma akwai shan mai, tankinsa kuma ƙarami ne. Idan aka ɗora masa bama-bamai, nisan da zai iya zuwa ya dawo sai ya ƙara raguwa. Tankar sama ce ke mayar da shi makamin da zai kai kowane lungu na duniya. Ma'aikatan tankokin Amurka har kirari suke da shi mai nufin babu mai cin yaƙi sai da mansu, kuma tarihi ya gaskata su.

An fara gwada abin ne ranar 27 ga Yunin 1923 a San Diego, inda wani ƙaramin jirgin sojin Amurka ya sako wa ɗan'uwansa tiyo. A 1949 jirgin B-50 mai suna Lucky Lady II ya zagaya duniya cikin awa 94 ba tare da sauka ba, bayan ya sha mai sau huɗu a hanya. Saƙon a fili yake: babu birnin da ya yi wa bam ɗin Amurka nisa.

A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, Birtaniya ta aika jirgin Vulcan guda ɗaya daga tsibirin Ascension ya kai hari kan filin jirgin Port Stanley da sojojin Ajantina ke riƙe da shi. Tafiyar zuwa da dawowa ta haura kilomita 12,000. Sai da tankoki 11 suka tashi, wasu suna shayar da wasu, kafin jirgin ɗaya ya isa. A watan Afrilun 1986 kuma, da Faransa da Sifaniya suka hana jiragen F-111 na Amurka ratsa sararinsu don kai hari Libiya, tankoki ne suka ba su damar tasowa daga Ingila su zagaya ta mashigar Jibralta. Ƙin amincewar ƙasashe biyu bai hana komai ba, saboda akwai mai a sama.

A yaƙin Libiya na 2011, jiragen Turai sun kai hare-hare masu yawa, amma kusan kashi uku cikin huɗu na tankokin da suka shayar da su na Amurka ne. A watan Yunin 2025, jiragen B-2 guda bakwai sun tashi daga jihar Missouri, suka yi tafiyar awa 18 zuwa cibiyoyin nukiliyar Iran, da gomman tankoki a bayansu. Amurka na da tankoki sama da 400, adadin da ya fi na sauran ƙasashen duniya idan an haɗa su. Wanda ke son sanin inda ƙarfin soji yake a zamanin nan, ya ƙirga tankoki kafin ya ƙirga jiragen yaƙi.

Daga sararin Sahel zuwa Yaman

Mazauna Sahel sun rayu a ƙarƙashin wannan aiki na tsawon shekaru goma, ko da kuwa da yawansu ba su taɓa ganin tankar ba.

Ranar 13 ga Janairun 2013, a farkon farmakin Serval, jiragen Rafale huɗu sun taso daga Saint-Dizier a Faransa, suka kai hari a yankin Gao na Mali, suka sauka a Njamena bayan sama da awa tara a sama. Shan mai a hanya ne ya sa hakan ya yiwu. Kafin ƙarshen watan, tankokin KC-135 na Amurka da ke tashi daga Sifaniya sun fara shayar da jiragen Faransa. A zamanin rundunar Barkhane, Faransa ta riƙa ajiye tanka a Yamai tare da jiragenta na Mirage 2000, har zuwa lokacin da dangantaka ta tsinke, sojojinta suka fice daga Nijar a watan Disambar 2023.

Ma'aikatar tsaron Faransa ta wallafa kyawawan hotuna na Mirage yana shan mai a saman hamada, rairayi ya yi jajir a ƙasa. Irin wannan jirgi ne ya saki bama-bamai a kusa da ƙauyen Bounti na tsakiyar Mali ranar 3 ga Janairun 2021. Binciken tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali ya ce taron biki ne aka kai wa harin, kuma fararen hula 19 na cikin mutum 22 da suka mutu. Faransa ta yi watsi da rahoton, ta dage cewa 'yan bindiga ta hallaka. Duk ɓangaren da mutum ya gaskata, abu ɗaya ba ya canzawa: hoton jirgin a jikin tiyo kowa ya gani, abin da ya faru a ƙasa kuwa sai da masu bincike suka bi sawu kafin duniya ta ji.

Batun Yaman ya fi fitowa fili. Daga 2015 zuwa Nuwamban 2018, tankokin Amurka sun riƙa shayar da jiragen ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta. A watan Maris na 2018, Sanata Elizabeth Warren ta tambayi Janar Joseph Votel, kwamandan sojin Amurka a yankin, ko suna bibiyar inda jiragen da suka shayar ke zuwa da abin da suke hara. Ya amsa cewa ba sa yi. Watanni biyar bayan nan, wani harin ƙawancen ya faɗa kan motar ɗalibai a kasuwar Dahyan, yara 40 suka mutu. Bayan an dakatar da shirin, ma'aikatar tsaron Amurka ta gano cewa ba ta caji kuɗin aikin yadda ya kamata ba, ta nemi Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa su biya dala miliyan 331.

Ma'ana, ita kanta rundunar da ke ba da man ba ta bin inda yake ƙarewa, ba ta kuma riƙe lissafinsa daidai ba. Idan haka ne, wanda ke kwance a lungun wutsiya da kyamara bai kamata ya ɗauka cewa tambayar ba ta shafe shi ba.

Ladan kuturu

Babu rundunar da ke ɗaukar farar hula a jirginta don Allah. Ofishin hulɗa da jama'a ne ke zaɓen wanda zai hau, da ranar da zai hau, da jiragen da za su zo. Akan yi wa baƙi bayanin abin da aka yarda a ɗauka da wanda aka hana, wani lokaci a duba hotunan kafin a sake su. Wasu daga cikin dokokin na da hujja, domin akwai na'urori da fuskokin da tsaro ya hana a nuna.

Amma ribar rundunar ta wuce haka nesa. Tana samun talla kyauta daga hannun mutumin da jama'a ke kallo a matsayin ɗan ba-ruwanmu. Hoton da soja ya ɗauka, kowa ya san na soja ne. Wanda mai sha'awa ya ɗauka kuwa yakan shiga zuciya ba tare da an yi masa tambaya ba. Yana jawo matasa shiga aikin soja, yana tausasa zukatan masu biyan haraji, yana kuma yi wa kamfanonin ƙera jirage kasuwa. Tankokin Voyager 14 na Birtaniya, alal misali, an same su ne ta kwangilar shekara 27 da wani kamfani, wadda kuɗinta ya haura fam biliyan 10. Gwamnatin da ta sa hannu a irin wannan takarda tana da dalilin son a ga jirgin cikin kwalliya.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba sai an ce wa mai hoto ya yi shiru ba. Ya san kujerun kaɗan ne, masu jira kuma da yawa, ya kuma san wanda ya rubuta abin da bai yi wa mai gida daɗi ba zai iya daɗewa bai sake ganin gayyata ba. Wannan sanin kaɗai ya isa ya gyara masa alƙalami.

Hujjar masu kare su

Mayun jirage na da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi.

Suna cewa akasarin tafiye-tafiyen da ake gayyatarsu na atisaye ne a saman Tekun Arewa ko hamadar Amurka, jiragen ba sa ɗauke da makamin da za a jefa wa kowa. Suna cewa sha'awar ƙirar jirgi da gwanintar matuƙi ba goyon bayan yaƙi ba ne, kamar yadda mai sha'awar hawan daba ba lallai ne ya so a koma zamanin yaƙin dawaki ba. Suna kuma cewa da kuɗin jama'a aka sayi jiragen, don haka jama'a na da haƙƙin ganinsu.

Babbar hujjarsu ita ce tarihin abin da suka tona. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, lokacin da hukumar CIA ke safarar mutanen da ta kama zuwa gidajen yarin sirri, rubuce-rubucen masu tsayuwa a bakin shinge na cikin abubuwan da suka fallasa ta. Wani mai sha'awa ya ɗauki hoton jirgin Boeing 737 a filin jirgin Palma da ke Sifaniya a watan Janairun 2004. Daga baya 'yan jarida da masu bincike suka gano cewa jirgin ne ya wuce Masedoniya ya ɗauki Khaled el-Masri, ɗan ƙasar Jamus da aka kama bisa kuskure, ya kai shi Afganistan. A 2012 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a kan Masedoniya game da lamarin.

A watan Yulin 2021, wani mai hoto a bakin shingen Lakenheath ya hango tartsatsin wuta na fita daga bayan wani F-15 da ya tashi. Ya buga waya sansanin, aka sanar da matuƙin, jirgin ya dawo lafiya. A tsakiyar Yunin 2025 kuma, kwanaki kafin harin da Amurka ta kai Iran, masu bibiyar jirage a intanet ne suka fara lura da tankoki kusan 30 na tsallaka Tekun Atlantika zuwa Turai.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a lura da abin da ya sa waɗannan ayyuka suka yi amfani: lamba, da rana, da wuri. Hoton Palma ya zama hujja ne saboda an san lambar jirgin da ranar da aka ɗauke shi. Darajar mayen jirgi tana cikin littafinsa. Idan ya hau tanka ya bar littafin a ƙasa, ya dawo da kyan hoto kawai, ya zubar da abin da ya bambanta shi da mai tallar runduna.

Kyamara ma tana kisa

Akwai wani ɓangaren da kyan hoton ke rufewa, wato haɗari. Jirage biyu da ke taɓa juna a sama, ɗaya maƙare da mai, ba su da sararin kuskure. Ranar 17 ga Janairun 1966, jirgin B-52 ya yi karo da tankar KC-135 a saman ƙauyen Palomares na Sifaniya. Mutum bakwai suka mutu, bama-baman nukiliya huɗu suka faɗo, biyu suka fashe suka watsa gubar fulutoniyam a gonaki. A Disambar 2018, sojojin Amurka shida sun mutu lokacin da F/A-18 ya yi karo da tankar KC-130 a gaɓar Japan.

Neman hoto da kansa ya taɓa cin rayuka. Ranar 8 ga Yunin 1966, aka jera jirage biyar a saman California don ɗaukar hoton talla ga kamfanin General Electric da ya ƙera injinansu. Jirgin F-104 ya goge XB-70, shahararren matuƙin gwaji Joe Walker da Manjo Carl Cross suka rasa rayukansu.

A watan Fabrairun 2014, wata tankar Voyager ɗauke da mutum kusan 200 a hanyar Afganistan ta yi ƙasa da ƙafa 4,400 cikin daƙiƙa 27, fasinjoji suka bugi rufin jirgin, da dama suka jikkata. Bincike ya gano cewa kyamarar matuƙin ce ta maƙale tsakanin hannun kujerarsa da sandar tuƙi. Ƙwararren matuƙi ke nan, balle baƙon da zumuɗi ke ɗiba. Don haka duk dokar da ma'aikatan jirgi suka gindaya wa mai hoto, babu wadda ta yi tsauri. Kuma babu hoton da ya cancanci a roƙi matuƙi ya ƙara matsowa ko ya karkata jirgi dominsa.

Tagar da ke rufewa

Wannan muhawara tana da wa'adi, domin tagar da ake magana a kai tana hanyar ɓacewa. KC-135 ya fara tashi ne a 1956, kuma an miƙa na ƙarshe a 1965. Tankar KC-10, wadda mai sarrafa bututunta ke zaune a gaban wata babbar taga, ta yi ritaya a watan Satumban 2024. Magajinsu KC-46, da aka fara miƙa wa rundunar a 2019, ba shi da tagar wutsiya. Mai sarrafa bututun na zaune ne kusa da ɗakin matuƙi yana kallon allo, kyamarori na aiko masa hoto. Tsarin ya sha fama da matsalar hasken rana da inuwa, amma alkiblar ba ta canza ba. Tankokin A330 ma da kyamara suke aiki.

Ranar da KC-135 na ƙarshe ya sauka, hoton gaba-da-gaba na jirgin da ke shan mai zai riƙa fitowa ne daga na'urar runduna kaɗai, sai abin da ta ga dama ta saki. Shi ya sa masu cewa a daina ɗaukar fararen hula gaba ɗaya suka yi kuskure. Idon farar hula, ko da na baƙo ne, ya fi babu. Rundunar da babu mai shiga jirginta sai sojanta ta fi wuyar tuhuma.

Abin da ya rage a wuyan kowa

Abin da ake nema daga mai hoto ba mai yawa ba ne. Ya faɗa a fili cewa gayyatarsa aka yi, da wanda ya gayyace shi, da ko an tace hotunansa. Ya rubuta cikakken bayani a ƙasan hoton: samfurin jirgin, ƙasarsa, rundunarsa, rana da wuri, atisaye ne ko fagen yaƙi. Idan jirgin na ɗauke da makamai na gaske, ya faɗa. Idan rundunar na cikin wani yaƙi da ake taƙaddama a kansa, kada ya yi kamar bai sani ba. Mutumin da ya haddace lambar kowane jirgi ba zai ce bai san inda jirgin ya yi aiki bara ba.

Editocin da ke saye ko aron waɗannan hotuna su ma da nasu. Bai dace a ɗora hoton jirgi cikin hasken faɗuwar rana a kan labarin harin da ya kashe mutane ba, don kawai shi ne hoton da ke kusa. Idan babu hoton ƙasa, a faɗa wa mai karatu cewa hoton na wani wuri ne da wani lokaci.

Su kuma rundunonin, idan da gaske suke cewa gayyatar don bayyana gaskiya ce, su gwada ba da kujera ga ɗan jaridar da ya taɓa sukarsu, su kuma amsa tambayar da Sanata Warren ta yi a 2018.

Mai karatu da hoton ya faɗo masa a waya ba laifi ya tsaya ya yaba, domin gwanintar ta cancanci yabo. Amma kafin ya tura wa wani, ya duba ko an faɗi wanda ya ɗauka da wanda ya ba shi kujera. Sannan ya tuna cewa jirgin da ya cika tankinsa a sama ba gida ya nufa ba tukuna, kuma a inda ya nufa akwai mutanen da ba su da taga, ba su da kyamara.